Ranar Da Google Ya Ninka Masu Mura

A 2008 Chris Anderson, editan mujallar Wired a lokacin, ya rubuta cewa idan bayanai suka yi yawa, ba sai ka san dalilin abu ba, alaƙar da ke tsakanin alƙaluma ta wadatar. Har gobe za ka ji masu harkar ƙirƙirarriyar basira suna maimaita wannan magana. Ni dai ban gamsu ba.

A shekarar ce Google ya fito da Flu Trends don hasashen yaɗuwar mura a Amurka. Aka tace kalmomi miliyan 50 da mutane ke nema a intanet, aka zaɓi 45 da hawa da saukarsu ya fi dacewa da alƙaluman hukumar lafiya ta CDC. To amma ka lura, mura da hunturu take zuwa, haka ma gasar ƙwallon kwando ta 'yan sakandare, har sai da aka cire irin waɗannan kalmomi. Samfurin bai san mura ba, lokacinta kawai ya haddace. Da murar aladu ta ɓullo a 2009 ba cikin sanyi ba, sai ta wuce ta gabansa. A farkon 2013 kuwa adadin da ya bayar ya haura ninki biyu na CDC.

Inda Anderson ya fi yin tuntuɓe shi ne, abin da ake aunawa ba a tsaye yake ba. Jaridu na kururuta mura, mai lafiya ma sai ya shiga bincike. Google kansa yana ta sauya injin bincikensa, yana nuna wa mutane kalmomin da za su latsa. A 2015 ya daina fitar da alƙaluman.