Maga Ta Shiga Labaran Duniya, Ina Labarin Sauran Ƙauyukanmu?

Ranar 17 ga Nuwamban 2025 'yan bindiga suka afka wa makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga, a ƙaramar hukumarmu ta Danko-Wasagu a jihar Kebbi, suka kashe mataimakin shugaban makarantar, suka yi awon gaba da ɗalibai 25. Kafin kwana ɗaya sunan Maga ya kai gidajen labarai na Ingila da Amurka. Shugaba Tinubu ya ɗage tafiyarsa taron G20 a Afirka ta Kudu, mataimakinsa Kashim Shettima ya zo Kebbi, aka umarci ƙaramin ministan tsaro Bello Matawalle ya tare a jihar. Ranar 25 ga wata aka sanar yaran sun kuɓuta. Mun gode wa Allah, mun kuma ga abin da gwamnati ke iya yi idan idon duniya na kanta.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mu mutanen Bena da kewaye ba a ranar muka fara binne gawa ba. A farkon Yunin 2021 an kashe mutum 88 a ƙauyukan Danko-Wasagu, ciki har da Koro da Kimpi da Gaya da Rafin Gora, kuma 'yan sanda da bakinsu suka tabbatar da adadin. Labarin ya yi kwana biyu ya mutu. A Maris na 2022 aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a masarautar Zuru, aka kashe fiye da 60. Bayan kwana biyu aka far wa jami'an tsaro a Kanya lokacin da mataimakin gwamna na wancan lokaci, Samaila Yombe, ke yankin, mutum 19 suka rasu. A lokacin kuma duk kyamarorin duniya sun riga sun koma Yukiren, wadda Rasha ta mamaye ranar 24 ga Fabrairu. Mutanen Yukiren sun cancanci a ji kukansu. Waɗannan magidanta na ƙasar Zuru su ma sun bar mata da 'ya'ya.

Na daɗe ina lura, yawan gawa ba shi ke sa edita ya ɗora labari a gaba ba. Edita yana neman abin da mai sauraronsa ya riga ya sani. Tun da aka sace 'yan matan Chibok 276 a Afrilun 2014, har Michelle Obama ta ɗaga kwali, satar ɗalibai mata ta zama labarin da ba ya buƙatar dogon bayani a Landan. Maga kuma ta zo makonni kaɗan bayan Donald Trump ya yi wa Najeriya barazana a kan zargin kisan Kiristoci, don haka kowa ya kasa kunne. Amma manomin da aka ce sai ya biya haraji kafin ya girbe dawarsa, da matar da ta sayar da shanun gidan ta biya kuɗin fansa, da ƙauyen da ya watse ya koma zaman gudun hijira a gidajen 'yan uwa, wahalarsu kullum ce, abin kullum kuwa ba a kiransa labari. Ga shi a ƙasar Zuru Musulmi da Kirista gida ɗaya suke fitowa, harsashi bai tambayi kowa addininsa ba, sai bayanin ya yi wa mai neman kanun labarai tsawo.

Ba mu kaɗai ba ne. Ƙungiyar 'yan gudun hijira ta Norway ta sa Burkina Faso a kan gaba shekara biyu a jere cikin rikice-rikicen da duniya ta yi watsi da su.

'Yan jaridar gida ma suna da nasu rabon. Yawancin wakilan gidajen rediyo da jaridu a Birnin Kebbi suke zaune, tafiya mai nisa daga nan, hanya ga tsada ga haɗari, sai su jira sanarwar kakakin 'yan sanda. Wanda ya yi ƙoƙarin shiga daji kuma ya ga abin da ya sami Trust TV a 2022, lokacin da hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta NBC ta ci tarar gidan naira miliyan 5 saboda shirinsa a kan 'yan bindiga. Wa zai so ya maimaita?

Duk da haka ban yarda uzuri ya ƙare magana ba. Masu sauraron BBC Hausa da DW da RFI a karkara mu ne, rediyo na rataye a kafaɗarmu har gona. Muna da hakkin a riƙe wakili a Zuru ko Ribah, ɗan ƙasa mai jin C'lela da Hausa, a biya shi, a kare shi. Muna so a riƙa faɗin sunan ƙauye maimakon a ce "wani yanki na Kebbi", a kuma koma bayan wata uku a tambaya ko mutanen sun koma gida. Ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri da aka sace a Yunin 2021, 'yan matan ƙarshe sai a 2023 suka dawo, kuma a mafi yawan waɗannan watanni iyayensu ne kaɗai ke bin ƙofa ƙofa suna tara kuɗin fansa.