Daga Dandali zuwa Dandamali

A dandalin Ɗan Barto, kan hanyar Matamaye zuwa Daura, babu ɗan kallo zalla. Mai guɗa da mai tafi da mai liƙi duk ƴan wasa ne. In suka yi sanyi, kalangu ma sanyi yake yi. Haka wasan kara yake a Damagaram: talaka ya yi shigar sarki, sai jama'a sun faɗi gaisuwa sarautar ke tabbata.

Bayan 1974, da gwamnatin Kunce ta farfaɗo da samariya, rawa ta hau dandamali. Ta sami tsari da ado, amma an zaunar da jama'a bisa benci, alƙalan gasa suka gaje muryarsu. Ƙungiyar da ke son ɗan kallo ya koma fage, bencin za ta fara kwashewa, ta bar makaɗi ya kira mutum da takensa.