Tauraro Mutum Ne, Ba Allon Sanarwa Ba: Sharhi Kan Littattafan Matasa Biyu

'Yan'uwa marubuta, babban ciwon da ke damun adabin matasa shi ne a ɗauko yaro a ɗora masa jigo kamar kayan jaki, har a mance cewa yana jin yunwa, yana kishi, yana ƙarya. Littattafai biyu daga Amurka da suka taɓo batun masu sauya jinsi sun isa mu ɗauki darasi.

Na farko shi ne Luna na Julie Anne Peters (2004). Liam saurayi ne da yake jin kansa mace, sai dare ya yi ya shiga ɗakin ƙanwarsa Regan ya sa kayan mata, da sunan Luna. Regan ce ke ba da labarin, kuma ita ce ta fito da rai: tana son ɗan'uwanta, tana kuma jin haushin barcin da take rasawa da nauyin sirrin da take ɗauke da shi. Wannan shi ne ƙarfin littafin, shi ne kuma rauninsa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma daga bakin ƙofa kawai muke leƙen zuciyar Luna.

Na biyu shi ne If I Was Your Girl na Meredith Russo (2016), wadda ita kanta ta sauya jinsi. Nan Amanda ce ke magana da bakinta, bayan ta koma wurin mahaifinta a jihar Tennessee. Fargabarta ta gamsar, musamman yadda take auna kowace kalma a gaban saurayinta Grant. Sai dai an gyara ta fiye da kima: kyakkyawa ce, babu mai gane ta. Marubuciyar ta amsa a bayanin ƙarshen littafin cewa da gangan ta sauƙaƙa labarin don masu karatu su karɓa. To, tauraron da aka wanke tas don a so shi ya rage zama mutum.

Ko mene ne ra'ayinka kan wannan al'amari, darasin ɗaya ne. Matashin da ke cikin littafinka, almajiri ne ko 'yar talla ko ɗan daudu, kada ya zama abin dariya kawai ko abin wa'azi kawai. Ka ba shi uwa, da aboki, da laifi nasa na kansa. Sauran hukunci ka bar wa mai karatu.