Jinjina ga Makanikan Kafanchan

Idan injin mota ya buga a hanyar Kagoro, mai ita kan iso gareji da shawararsa a baki: a sayo inji ɗan Beljiyam daga Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas. Bakaniken kirki ba ya saurin amsawa. Sai ya sauke injin, ya warware shi, ya shafa karanshaf da yatsa, ya duba ko bulo ya tsage. In lafiya lau yake, a kai karanshaf a goge, a sa sabon ringi da gasket, kuɗi ya ragu. Ɗan Beljiyam kuwa, wa ya san wahalar da ya sha a Turai? Wannan haƙurin nake yaba wa makanikan Kafanchan, alhali ɗora wani injin ya fi musu sauƙi, kuma kuɗin aiki ya fi saurin shigowa.