Kunyar Da Ta Kashe Elesin

Ɗalibin adabi ɗan Kiyako ko Gwaram, idan ya karanta wasan kwaikwayon Wole Soyinka mai suna Death and the King's Horseman, wanda aka buga a 1975, abin da zai fara ɗaure masa kai shi ne: me ya sa Elesin ya kashe kansa bayan Bature ya riga ya hana shi mutuwa? Mu da muka tashi da sanin haramcin kisan kai mukan yi saurin cewa al'adar Yarabawa ce, mu rufe littafi. Wannan amsa ta yi kaɗan.

An gina wasan ne a kan wani abu da ya faru a Oyo zamanin mulkin Turawa. Elesin shi ne mai kula da dokin Alafin, sarkin Oyo, kamar Shamaki a fadojinmu. A al'adarsu, wata guda bayan rasuwar sarki zai bi ubangidansa, ya yi masa rakiya zuwa lahira. Saboda wannan alkawari ne gari ya ciyar da shi, ya tufatar da shi tsawon rayuwarsa.

A daren cika alkawari ya shigo kasuwa ana yi masa kiɗa da kirari, sai idonsa ya faɗa kan wata budurwa, ya ce sai ya aure ta. Iyaloja, shugabar matan kasuwa, ta ba shi ita, alhali ɗanta ne zai aure ta. A nan bango ya tsage. Lokacin da Baturen, Di'o Pilkings, ya sa aka kama Elesin, ƙafarsa ta riga ta yi nauyi da daɗin duniya, kuma shi da bakinsa ya amsa haka a kurkuku. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Shi ya sa Soyinka ya gargaɗi masu shirya wasan kada su mayar da shi rikicin al'adar Bature da ta baƙar fata kurum.

Sai ga abin da ya ƙarasa Elesin. Ɗansa Olunde, wanda ke karatun likita a Ingila, ya mutu a madadinsa don ya wanke sunan gidansu. Matan kasuwa suka ɗauko gawar a naɗe, suka ajiye a gaban uban, aka yaye mayafi. Elesin ya dubi fuskar ɗansa, ya naɗa sarƙar da aka ɗaure shi da ita a wuya, ya shaƙe kansa. Bahaushe ya san nauyin wannan kunya: uba yana raye, ɗa ya biya masa bashi da ransa. Amma Iyaloja ba ta yaba masa ba, domin mutuwar tasa ihu ce bayan hari.

A kwatanta Elesin da Attahiru na wasan kwaikwayon Ahmed Yerima. Sarkin Musulmi Attahiru ya bar Sakkwato ya yi hijira, ya faɗi a fagen daga a Burmi a 1903 tare da jama'arsa. Shi ya tsaya kan amanarsa har ajali ya riske shi, Elesin kuwa ya saki tasa, sannan ya nemi mafaka a mutuwa.

Saboda haka malamin da ke koyar da wannan wasa ya nuna wa ɗalibansa cewa sarƙar Elesin ba ta dawo da Olunde ba, ba ta kuma gyara garin Oyo ba. Wanda aka ba amana ya sauke ta a kan lokacinta.