Gardamar Sarari a Cikin Wasiƙu

Malaman Turai na ƙarni na 17 da farkon na 18 suna da wata al'ada: in gardama ta kaure, sai a koma ga wasiƙa. Wannan ya jera hujjojinsa, ya sa wa kowacce lamba. Wancan ya bi lambobin ɗaya bayan ɗaya yana warwarewa. Babu inda al'adar ta nuna darajarta kamar a musayar da aka yi daga 1715 zuwa 1716 tsakanin Leibniz, a birnin Hanoba na Jamus, da Samuel Clarke, malamin coci a Landan kuma na hannun daman Newton. Gimbiya Caroline ce ke miƙa takardun, biyar daga kowane ɓangare.

Tushen rigimar shi ne sarari. A littafinsa Principia na 1687, Newton ya ce sarari yana nan da kansa, ko da babu komai a cikinsa, kuma da shi ake sanin motsi na haƙiƙa. Hujjarsa guga ce. Rataya guga cike da ruwa, ka murɗe igiyar sosai, ka saki. Da farko gugan ke juyawa, ruwan yana kwance lumui. Can sai ruwan ya kama juyi tare da gugan, ya hau gefe, tsakiyarsa ta lotsa. A lokacin ruwa da guga tafiyarsu ɗaya, ba wanda ke wuce wani. To, me ya ɗaga ruwan? Newton ya ce juyin da yake yi ne a cikin sarari kansa.

Leibniz bai yarda ba. A ganinsa sarari tsarin zaman abubuwa ne da junansu, kamar yadda zumunci ba ya samuwa sai da 'yan'uwa. Ya ce a ɗauka Allah ya juya duniya baki ɗaya, gabas ta koma yamma, tazarar komai da komai ba ta canja ba. Wa zai ga bambanci? In sarari na Newton gaskiya ne, akwai zaɓi biyu iri ɗaya, kuma an ɗauki ɗaya ba dalili. Clarke ya amsa cewa nufin Allah kaɗai ya isa dalili.

A nan amfanin lambobin ya fito. Mai jawabi a taro yana iya tsallake tambayar da ta yi masa nauyi, a yi tafi a watse. Wanda aka sa wa lamba kuwa, in ya tsallake, giɓin yana nan a takarda kowa na gani. Shi ya sa muke iya nuna inda kowannensu ya yi rauni: Clarke bai kawo wata alama da za ta bambanta duniyoyin Leibniz biyu ba, Leibniz kuma bai ba da gamsasshen bayani kan ƙarfin da juyi ke haifarwa ba.

Leibniz ya rasu a Nuwamban 1716, bai amsa takardar Clarke ta biyar ba. Clarke ya buga duka a 1717, har da maganganun da suka fi yi masa ciwo. Saboda an bar tambayar a rubuce, masanin kimiyya Mach ya sake ɗauko gugan a 1883, ya ce taurari masu nisa ne ma'aunin juyin, daga gare shi kuma Einstein ya ɗora. Gardamar da aka rubuta da amana takan yi wa jikoki aiki ko da iyaye ba su daidaita ba.