Hawainiya a Zauren Jami'a: Ƙungiyar Ɗaliban Malawi da Farashin Habaici

A shekarar 1970 wasu ɗaliban adabi na Kwalejin Chancellor, wani reshe na Jami'ar Malawi da ke birnin Blantyre a lokacin, suka kafa wani zama na mako-mako domin karanta abin da suka rubuta da hannunsu. Daga cikinsu akwai Jack Mapanje da Lupenga Mphande. Wasu malamai Turawa, irin su David Kerr da Landeg White, sun mara musu baya, amma ragamar tana hannun ɗalibai. Wannan zama shi ne aka sani da Ƙungiyar Marubutan Malawi. Da kwalejin ta ƙaura zuwa Zomba a 1973, ƙungiyar ta bi ta, kuma mafi yawan mawaƙan ƙasar da duniya ta san sunansu daga baya sun ratsa ta wannan zaure.

Tsarin zaman ba shi da wani ƙawa. Mai waƙa ko gajeren labari zai miƙa aikinsa, a buga shi a injin roneyo, a rarraba wa mahalarta, ya tashi ya karanta, sa'an nan a shiga tarke, ɗango bayan ɗango. Malami da ɗalibi duk a tabarma guda suke. Waƙar malami ma tana shan suka daga bakin wanda zai zauna jarrabawarsa gobe. Duk wanda ya san yadda aji yake a jami'o'in da aka gada daga mulkin mallaka, inda malami ke shifta ɗalibi na rubutawa, zai gane girman wannan sauyi. Manhajar sashen ta karkata ga adabin Ingila, ga shi kuma shugaban ƙasa, Dokta Hastings Kamuzu Banda, mutum ne mai ƙaunar ilimin Turawan da, har ya gina makarantar Kamuzu Academy a 1981 inda ake koyar da Latin da Girkanci. Saboda haka a zaman ɗaliban ne aka fara ɗaukar rubutun ɗan Malawi a matsayin abin da ya cancanci nazari. Shekara guda da kafuwa, a 1971, suka fitar da ƙaramin kundi mai suna Mau, mai ɗauke da waƙoƙi 39.

Sai dai zauren ba a sarari yake ba. Tun 1968 aka yi dokar tace littattafai da wasanni, a 1971 kuma aka naɗa Banda shugaba na har abada. Tsare mutum ba tare da shari'a ba ya zama ruwan dare, kuma mahalarta sun yi imani cewa a cikinsu akwai masu kai rahoto. A nan ne salon da ya zama tambarin ƙungiyar ya samo asali. Tunda ba a iya kiran abu da sunansa, sai aka koma rumbun tatsuniya da tarihihin ƙasar. Steve Chimombo ya ɗauko Napolo, macijin ƙarƙashin ƙasa da ake cewa shi ke haddasa zaftarewar duwatsu da ambaliya idan ya motsa. Mapanje da wasu suka riƙa komawa ga Ramin Chingwe da ke kan tsaunin Zomba, inda ake cewa masu iko na da suna jefa waɗanda suka yi fushi da su. Sai kuma hawainiya, wadda a labarin halitta na Chewa ita ce manzon da aka aika da saƙon rayuwa ta yi nawa a hanya har saƙon mutuwa ya riga ta isa. Ita Mapanje ya sa a sunan kundinsa na 1981, Of Chameleons and Gods, kuma ba a rasa dalili ba: dabba ce mai sauya launi don ta tsira, mai tafiya a hankali, mai ido biyu kowanne na duban nasa ɓangare.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan dabara. Habaici ke nan, zancen da mai shi ya san da shi ake, amma ba shi da hujjar kai ƙara. Landeg White, wanda aka kora daga Malawi a 1972, ya rubuta littafi tare da Leroy Vail a 1991 inda suka nuna cewa a kudancin Afirka waƙar baka tana da wani izini na faɗa wa mai mulki abin da baki ba ya iya faɗa a zance, kamar dai yadda makaɗin fada kan soka zambo a tsakiyar yabo. Abin yabawa ga ɗaliban Chancellor shi ne sun gano wannan izini a gida, ba su tsaya kwaikwayon mawaƙan Landan ba. Kuma tarken mako-mako ya yi wa waƙoƙin amfani ta fuskar da ba a zata ba. Marubucin da ya san za a tambaye shi dalilin kowace kalma, ya kuma san wata kalmar na iya kai shi kurkuku, ba ya zubar da kalma a banza. Mafi kyawun waƙoƙin Mapanje suna da wannan tsimi: barkwanci a sama, ɗaci a ƙasa, babu kumfa.

To amma habaici yana da sharaɗi, wato jama'ar da ke wurin su gane. Idan maroƙi ya yi habaici a dandali, kowa na murmushi domin kowa ya san labarin. Habaicin da mutum talatin kaɗai ke iya warwarewa ya kusa zama kacici-kacici. Wannan ita ce babbar illar da zaman ya haifar, kuma ba dokar tacewa kaɗai ke da alhakinta ba. Ƙungiyar da ke haɗuwa kowane mako takan ƙirƙiro yarenta. Alamar da wani ya kawo a wannan zama, wani zai amsa ta a na gaba, har a wayi gari ana rubutu domin ƴan zaure. A hannun gwani Ramin Chingwe yana tsuma zuciya. A hannun mai koyo yakan zama hatimi kawai, shaidar cewa shi ma ɗan gida ne, kuma duhun ma'ana ya koma abin ado. Akwai waƙoƙin wancan zamani da mai karatu na yau ba zai fito da komai daga cikinsu ba sai da jagora.

Batun harshe ya ƙara faɗaɗa ratar. A 1968 aka ɗaukaka Chichewa ya zama harshen ƙasa tare da Ingilishi, aka cire Chitumbuka daga rediyo, abin da ya sa zaɓin harshen gida kansa ya zama maganar siyasa. Galibin abin da ƙungiyar ta shahara da shi da Ingilishi aka rubuta, harshen da talakan ƙauye ba ya ji. An aro tatsuniyar manomi, an mayar da ita cikin harshen da ba zai gane ta ba. Malaman da ke koyar da adabi da Faransanci ga yaran da suka tashi da Hausa ko Zabarmanci sun san wannan ciwo ba sai an kwatanta musu ba. Ƴan wasan kwaikwayo na kwalejin, waɗanda suka riƙa yawo gari-gari suna kuma wasa da Chichewa a shekarun 1980, sun fi mawaƙan isa ga jama'a. Haka nan sunayen mata sun yi ƙaranci ƙwarai cikin waɗanda zauren ya fito da su.

Ko lulluɓin ya kare masu shi? Na wani lokaci ne. An tsare Felix Mnthali a 1976, cikin guguwar da ta ci ƴan boko ƴan arewacin ƙasar. A shekarar ce Frank Chipasula ya yi gudun hijira, kuma waƙoƙin da ya rubuta a waje sun fito fili, suna kiran azaba da sunanta, abin da ke nuna cewa duhun na gida tilas ce ta kawo shi. Kundin Mapanje kuwa, wanda kamfanin Heinemann ya buga a Landan, an janye shi daga kantuna da makarantu a tsakiyar shekarun 1980 ba tare da an haramta shi a hukumance ba. Ranar 25 ga Satumba 1987 aka kama shi a Zomba, yana shugaban sashensa a jami'a, aka kai shi kurkukun Mikuyu. Ya shafe shekara uku da wata bakwai ba a tuhume shi da komai ba, sai a watan Mayu 1991 aka sake shi bayan matsin lambar marubuta da masana harshe na ƙasashen waje.

A 1993, shekarar da ƴan Malawi suka jefa ƙuri'ar amincewa da jam'iyyu da yawa, ya fitar da The Chattering Wagtails of Mikuyu Prison. Tsuntsaye da dabbobi suna nan, barkwancin ma yana nan, amma yanzu akwai sunayen mutane da na wurare, kuma mai karatu na Maraɗi ko Damagaram zai iya bin waƙar ba tare da ya taɓa zama a zauren Zomba ba.